Ƙahon da Na Taho da Shi

Ranar da babban ɗana ya turo mini hoton ciyawar bana, ina tsaye ne a ƙarƙashin dabino da tiyo a hannu, a gonar da nake wa ban ruwa can gefen Dir'iyya a ƙasar Saudiyya. Hoto ne mai motsi, wani ya riƙe masa wayar. Ɗan nawa ya kutsa cikin gamba har ta shanye shi, hularsa kawai ake gani tana tafiya, yana dariya yana cewa, "Baba, ka gani? Rabon da a ga irin wannan tun ina ƙarami. Bana dabba ba za ta yi kuka ba." Abokin ɗakina, wani mutumin Damagaram mai tuƙa tankar ruwa, ya leƙo ta kafaɗata ya ce ma sha Allahu, ya ce in saki fuska mana, sai ka ce an aiko mini da rasuwa. Shi ciyawa ya gani. Ni abin da na gani shi ne kan gambar ya fara ja, iska kuma tana kwantar da ita gefe guda, wajen gari, kuma duk tsawon hoton ban ga inda aka share ko taku ɗaya ba. Na sake kallo, na sake. Ruwa yana ta zuba a gindin dabino guda har ya kai mini idon sawu ban sani ba.

A zamaninmu ba wanda zai ga irin wannan ciyawa ya tsaya dariya. Garinmu yana can arewa da Maraɗi, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, kuma tun kafin a haife ni akwai waɗanda ake ce wa 'yan ƙaho. Ba sarauta ba ce, ba kuma aikin gwamnati ba. Maza ne su ashirin da wani abu, wannan manomi, wancan mahauci, wancan makiyayi, waɗanda in daji ya kama su ke fita su tare shi. Tsofaffi sun ce wani maharbi ne ya fara tara su, bayan gobarar da ta cinye tsohon gari, wurin da har gobe in ana noma fartanya kan tono baƙar ƙasa da fasassun tukwane. Shi ya harbo gwanki, ya fafe ƙahonsa ya huda shi a gefe, ya mai da shi abin kira. Daga hannunsa ƙahon ya koma na wani maƙeri mai zafin rai, wanda aka ce yakan tsaya gaban wuta yana zaginta uwa da uba. Daga maƙerin sai wanda ya rene mu, wani siririn tsoho mai ɗingishi wanda magana ke yi wa wuya, muna ce masa Baba Mai Ƙaho. Ba gado ake yi ba. Mai ƙaho shi ke duba wanda ya dace, ya miƙa masa hannu da hannu a gaban jama'a. Wanda ba a miƙa wa haka ba, ko zai busa har jijiyar wuyansa ta tsinke, babu mai tashi daga tabarmarsa.

Busa iri uku ce kawai. Doguwa guda ɗaya, a taru. Biyu, a ja da baya a hankali, kowa idonsa na kan na kusa da shi. Ta ukun zan zo kanta, domin ita ce ta hana ni sakat duk tsawon rayuwata.

Aikin ba ranar gobara yake farawa ba, wannan shi ne abin da yaran yanzu ba su gane ba. Da an gama ɗaurin gero an zuba a rumbu, tun ciyawa na da sauran ɗanye a gindi, za ka ji doguwar busa da hantsi daga bakin rijiya. Kowa ya ɗauko fartanya da manjagara da lauje. Mu share layi biyu a gabashin gari, tsakaninsu kamar taku goma sha biyar, tun daga tsohuwar kuka har bakin fadama, sannan mu ƙone abin da ke tsakiya da safe lokacin da iska ba ta farka ba. Wannan ita ce hanyar wuta, in gobara ta zo ta tarar babu abin ci sai ta tsaya. Sati biyu mukan yi a kai. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar fartanya ashirin suna sauka tare, da tarin mutane cikin hayaƙi, da muryar mata daga nesa suna zuwa da ƙoren fura a kai suna yi mana tsiya, wai ga zarata masu yaƙi da ciyawa. Mu sha, mu goge baki da bayan hannu, mu koma. Tafin hannu ya yi kanta, ƙarangiya ta cika wando, ido ya yi ja wur. Baba Mai Ƙaho kuwa ba ya riƙe fartanya. Yana can gefe yana ɗingisawa, jim kaɗan ya duƙa ya ɗebi toka da yatsu uku ya sake ta, ya bi ta da kallo ya ga inda ta nufa. Sannan ya ɗaga kai ya nemi shirwa, domin shirwa na bin goshin wuta tana cafke farar da ke tashi. Yakan ce mana, "Ku bar kallon harshen wuta, ba ta nan za ta ci ku ba. Ku kalli tsuntsu, ku kalli toka. In shirwa ta dawo bisa kanku, to ku ne gaban wutar." Yau fa? Yau kowane saurayi da babur da waya, suna da ƙungiya a cikin wayar wai ta ci gaban gari, hotuna ake turawa ana ta yabon juna. Ka tambayi ɗaya daga ina iska take, sai ya duba wayar.

Busa ta uku gajeru ce guda uku a jere, ma'anarta ku shiga toka. Wato in iska ta juya wuta ta fuskance ku, kada wanda ya gudu. Ka rufe fuska da jiƙaƙƙen tsumman da ke wuyanka, ka riƙe numfashi, ka ruga cikin wutar kanta ka keta ta, ka faɗa bayanta inda ta riga ta cinye. Wutar ciyawa tsawo gare ta, ba kauri ba, taku uku ko huɗu ka fita. Amma in ka juya mata baya a cikin gamba tana da iska, ko doki kake kai ba ka tsira. Faɗin wannan da baki ba wuya. Sai dai duk abin da Allah ya halitta da rai, in ya ga wuta, baya yake yi, kuma ba a lallashin ƙafa da hujja. Shi ya sa kowace shekara, muna tsakiyar ƙona hanyar wuta, lokacin da harshen bai wuce gwiwa ba, sai kawai ka ji tu, tu, tu, ba sanarwa. Dole kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya tsallaka. A rana sai ya busa sau biyar, sau shida. Gashin ƙafa ya babbake, mu yi ta gunaguni. Shi kuwa ya ce, "Ba ku nake koya wa ba. Ƙafafunku nake koya wa, ku ba ku da amfani ranar nan."

Mutum ɗaya ne kawai ake ɗaga wa ƙafa, taubashina, ɗan kawuna. Tare muka tashi, tare muka shiga 'yan ƙaho a kaka ɗaya. Dogo ne, ga dariya, ga gudu, babu mai kamo shi a garin. In ya riƙe ɗanyen reshen sabara yana dukan wuta, aikin mutum uku yake yi, yana yi yana waƙa. Ni kuma ya mai da ni abin wasansa, wai ni bawansa ne, wai tsallakena irin na kwaɗo ne. In an busa uku sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonmu, ya ce, "Ku yi ta yi, jikokin kwaɗi. Ni wutar da za ta kamo ni ba a kunna ta ba tukuna." Baba Mai Ƙaho, wanda ko murmushi ba ya yi wa kowa, sai ya kau da kai yana ɓoye dariya. Yana son yaron nan, duk mun sani. Sau ɗaya na ji ya ce masa, "Kai dai Allah ya shirye ka," shi ke nan faɗan da ya taɓa yi masa.

Shekarar da abin ya faru an yi ruwa irin na bana. Ba mu san wanda ya kunna ba, wasu sun ce masu haƙar gafiya ne, wasu sun ce baƙi ne suka dafa shayi suka tashi. Da hantsi aka ga hayaƙi, kafin azahar muna can mun jeru a gefen wutar muna dukanta da sabara, muna matse ta don ta je ta mutu a kan hanyar da muka share. Aiki na tafiya daidai. Taubashina yana hannuna na hagu, yana waƙarsa. Can sai na ji iskar da ke busa mini kunne ta ɗauke cak. Wurin ya yi tsit, har ina jin numfashin mutane. Na ɗaga kai, sai ga shirwa sun fi ashirin suna kewaya daidai bisa kanmu. Na waiga wajen Baba, na gan shi ya saki toka, tokar ta dawo masa a gemu. Daga nan sai ƙarar ta taso, irin ta ruwan sama mai ƙarfi a kan kwano, gambar da ke gabanmu ta miƙe da wuta ta fi tsayin ɗaki. Na ji tu, tu, tu.

Wallahi ban yanke shawarar komai ba. Ban yi jarunta ba, kada wani ya ce na yi. Ƙafafuna ne suka tafi da ni. Na ji zafi ya dake ni ko'ina lokaci guda, na ji warin gashina, sai ga ni kwance a kan toka mai zafi, mutane na faɗowa dama da hagu suna tari suna salati. Na miƙe ina kakkaɓe hannun riga, fatar damtsena ta saɓule, har yau tabon na nan. Na duba hagu, ba kowa. Ta tsakanin hayaƙi na hango shi, ya juya baya ya nufi gari cikin gamba, yana gudun nan nasa da ba a kamowa. Na ƙwala masa kira da sunansa. Na sake, na sake, har muryata ta tsage. Ban sani ba ko ya ji. Da la'asar muka same shi, saura ƙiris ya kai hanyar wuta, bai fi taku ashirin ba. Reshen sabarar na hannunsa bai yar ba.

Baba Mai Ƙaho da kansa ya je gidan kawuna. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwar yaron, tsoho da furfurarsa, muna tsaye muna ji, ya ce, "Ba wuta ce ta kashe miki ɗa ba, ni ne. Na so shi, sai na ƙyale shi." Ba a sake ganin haƙoransa ba har ya bar duniya. Daga shekarar kuma ko limami ne ya zo taya mu shara, in aka busa uku sai ya tsallaka. A cikin wannan rani matata ta haifi ɗanmu na fari, kawu ya roƙa a mai da sunan mamacin, na ce to. Ɗan fari dama ba a kiran sunansa, kunya ta hana, sai abin ya zo mini da sauƙi. Ina ce masa kai, ina ce masa wannan, da ya girma na koma ce masa Babba. Mutane na yabon kunyata. Ba su san sunan ne ba ya iya fita daga bakina ba, domin ranar da na kira shi na ƙarshe ba a amsa ba.

Da numfashin Baba ya fara gazawa, sai ya tara mu a bakin rijiya bayan kaka, ya kira ni gaba, ya ɗora mini ƙahon a tafin hannu biyu. Akwai waɗanda suka girme ni, akwai waɗanda suka fi ni ƙarfi, na ce, "Baba, ni kuwa?" Ya ce, "Ba don ka fi su ba ne. Kai ka ga abin da sassauci ke yi, kana tsaye kusa. Kada ka ɗaga wa kowa ƙafa, ko ɗan cikinka ne." Na riƙe shekaru masu dama. Mun tare gobara manya da ƙanana, ban rasa mutum ko ɗaya ba, kuma Allah bai sa na busa ukun nan a gaban wuta ta gaske ba. An ce na fi maƙerin nan tsanani. Na yarda, na taɓa korar ƙanin matata daga layi saboda ya tsaya gyara takalmi bayan an busa.

Sai ɗan nawa ya girma. Ya yi tsawo, ya yi dariya, ya fi kowa gudu a garin, kai har tsayuwarsa da riƙe ƙugu. Wata kaka na fito zan busa kira, sai na gan shi a zaure ya riga ni shiri, fartanya a kafaɗa, tsumma a wuya, ya ce, "Baba, bana da ni." Mutanena suka yi ta murna, har wani ya ce ga mai ƙaho na gaba. Ni kuwa na ce wa yaron sai baɗi. Baɗi ta zo da fari, ciyawa ba ta fito ba, ta bayanta ma haka. Ana cikin wannan hanyar zuwa Saudiyya ta buɗe mini. Kowa ya ɗauka yunwa ce ta kore ni, kuma akwai ta, ba zan yi ƙarya ba. Safiyar da zan tafi 'yan ƙaho suka zo suka cika zaure, suka zauna suna jira in fito da ƙahon in miƙa wa wani. Na fito hannu sake. Na ce shekara biyu ce kawai zan yi, ga shi ko ciyawar da akuya za ta ci babu, me ake ci da sauri? Suka dubi juna, babban cikinsu ya ce, "To, Mai Ƙaho, Allah ya kiyaye hanya." Ƙahon yana ƙasan akwatina, naɗe cikin tsohon zanen matata. Lissafina ɗaya ne. In na miƙa shi, 'yan ƙaho za su ci gaba, in suka ci gaba yaron zai shiga, in ya shiga wata rana za a busa masa uku. In babu ƙaho babu kira. Na kashe abin da mutum uku suka rena tun kafin a haife ni don in tsirar da ɗa guda, kuma ina sane na yi.

Shekara biyun nan yau ta haura ashirin. Duk zuwan da na yi gida hutu sai an tambaye ni, ka zo da shi? In dafe kai in ce kash, na manta. A hankali aka daina tambaya, domin masu tambayar sun koma ga Allah ɗaya bayan ɗaya. An ce malaman daji sun taɓa kawo musu usur, aka yi ta jayayya kan wanda zai busa, ƙarshe yara suka ɗauke suna alƙalancin ƙwallo da shi. Hanyar wuta ta cike, har wani ya yi gona a kai. Ni kuma ina nan garin da babu daji, inda in gobara ta tashi jajayen motoci ke zuwa da jiniya, kowa ya koma gefe ya ɗaga waya. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ce ni ma'aikacin gona ne, ba wanda ya san na taɓa zama wani abu. Sai dai in kafilina, ubangidan da nake wa aiki, ya ce a ƙone busasshen ganyen dabino, nakan duƙa in ɗebi toka in saki tukuna. Yakan yi dariya ya ce, "Yalla ya hajji, kalas!" Wato in yi sauri in gama. Wata rana na ce masa ba za a ƙona yau ba, ya yi faɗa ya gaji ya shiga mota. Kafin la'asar iska ta taso ta yaye rumfar motocin. Tun daga nan bai sake sa mini baki ba.

Bayan hoton nan na kira Babba na ce a share hanya, tun daga kuka har fadama, a fara gobe. Ya ce to, Baba, amma rabin samari sun tafi haƙar zinariya, sauran sun ce sai an gama sussuka, kuma wanda ya yi gona a wurin ya ce ba mai taɓa masa kara. Ya ce, "Ni wa zai ji maganata? Da wane matsayi zan tara mutane?" Bai faɗa da zafi ba, amma na ji ta har ƙashi. Na buɗe akwati na warware zanen. Ƙahon ya bushe ya yi fari-fari, bakinsa ya ɗan tsage. Mutumin Damagaram ya ce, "Af, Alhaji, ashe boka muke kwana da shi ba mu sani ba?" Ranar Juma'a na shiga Batha, unguwar kasuwa a cikin birni, na bi shaguna da wuraren da mutanenmu ke zama ina cigiyar mai tafiya gida. Na samu wani zai tashi bayan Juma'a biyu, ya ce zai kai har hannu. Na ce a raina ba laifi, gamba na da sauran ɗanye, za a kai.

Yau Talata. Mun idar da la'asar a nan, can gida azahar ce ta ɗan gota, daidai lokacin da iska kan canza ra'ayi. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina shafa wa ƙahon man zaitun sai waya ta yi ƙara. Tun kafin ya yi magana na ji abin da ke bayansa, ihun mutane, kukan babura, da wata ƙara can ƙasa-ƙasa wadda kunnena bai taɓa mantawa ba.

"Baba, daji ya kama. Tun hantsi. Mun fito mun kai mu arba'in, muna gefenta muna duka da ganye, tana ja da baya. Ka ce mu ci gaba?"

Na ce, "Kana cikin ciyawa ko a fili?"

"Cikin gamba muke, ta kai mini wuya."

"Tsakaninka da wutar fa?"

"Kamar taku goma."

"Ɗaga kanka. Akwai shirwa?"

Ya ce, "Akwai, da yawa. Ɗazu suna can gaba. Yanzu ga su nan bisa kanmu."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, "Ɗebi ƙasa ka saki. Ina ta nufa?"

"Ba ta nufi ko'ina ba, iskar ta tsaya. A'a, tsaya. Baba, a ƙirjina take dawowa."

Abin da aka yi shekara da shekaru ana dasa mana a ƙafa, shi na tsaya zan koya wa ɗana ta waya cikin numfashi biyu. Na ce ya jiƙa rigarsa ya rufe fuska, ya gaya wa kowa kada a gudu, su ruga cikin wutar su keta ta su faɗa kan toka. Ya ce, "Cikin wutar? Baba, ka ji abin da ka ce kuwa?" Na ce na ji, na rantse masa da Allah taku huɗu ne ya fita. Na ji yana ihu yana faɗa musu, na ji wani ya ce ya haukace. Ya dawo kan waya ya ce, "Ba mai bi na. Ni kaina ƙafata ta ƙi."

Na ce ya buɗe muryar wayar ya ɗaga ta sama. Na kafa ƙahon a baki. Na farko iska kawai ta fita, leɓena ya bushe, shekara ashirin ban busa ba. Na lashi baki na tattara abin da ya rage mini a ƙirji. Tu, tu, tu. Ƙarar ta bi cikin dabino, tantabaru suka tashi, ma'aikatan da ke gini a ƙetaren katanga suka ɗago kai. A nan ta cika gona. A can kuwa na san abin da ta zama, 'yar tsuwa daga cikin waya a hannun mutum ɗaya, a kunnen samarin da ba a taɓa busa wa ba.

Ya ce, "Na ji, Baba. Na tuna ta. Amma su ba su san ta ba, ga su can sun juya, suna gudu wajen gari."

Ƙarar nan ta ruwan sama a kan kwano ta cika wayar. Sai na ji numfashinsa, na ji ciyawa na karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, shi ma ya fara gudu. Na ƙwala masa kira da sunansa, sunan da ban taɓa kiransa da shi ba tun ranar da aka raɗa masa. Na sake, na sake. Mutumin Damagaram ya riƙe ni ta kafaɗa ya ce, "Alhaji, layin ya yanke tun ɗazu."

Ga shi rana ta kusa faɗuwa. Na kira shi, na kira ƙannensa, na kira limami, wata mata ce ke amsawa da Faransanci tana cewa ba a samun su. Abokin ɗakina ya ce wataƙila wuta ce ta taɓa ƙarfen waya na bakin gari, ya kawo mini shayi yana nan ya huce. Ƙahon na kan cinyata. Ina ta mai da abin da na ji a kunnena, domin toka ba ta ƙara in an taka ta, ciyawa ce ke ƙara, kuma ko gaba ya nufa ko baya, ciyawa zai fara takawa. Ya ce mini tsakaninsa da wutar taku goma ne. Ni taku bakwai na ji kafin layin ya yanke.